Kwandalar Zinari: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani Kafin Ya Miƙa Kuɗinsa



Ya ku 'yan'uwa masu karatu, tun da Babban Bankin Gana ya fito da kwandalar zinari a shekarar 2024, tambayoyi suka yi mana yawa a kanta. Wani ya tare mu bayan sallar Isha'i ya ce, "Malam, ya halatta in saya in ajiye?" Wani ya ce, "In na ajiye, zakka ta hau kaina?" Wata baiwar Allah kuma ta aiko ɗanta ya tambaye mu ko za ta iya karɓa ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ba mu ga laifin masu tambaya ba. A ƙarshen 2022 tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 50 cikin ɗari a shekara guda. Manyanmu suna tuna 2007, lokacin da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. 'Yan'uwanmu na Lome da Yamai da Wagadugu kuwa ba su manta watan Janairun 1994 ba, sa'ad da aka wayi gari darajar sefa ta faɗi da rabi. Wanda ya ga guminsa na narkewa a cikin akwati, dole ya nemi inda zai jingina shi.

Abu ɗaya muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. A shari'a zinari kuɗi ne, ko da an buga shi kwandala, ko an yi shi sarƙa. Hukuncinsa ya bambanta da na atamfa ko buhun shinkafa, wajen saye da wajen sayarwa da wajen ajiya. Mafi yawan kurakuran da muke gani daga mantuwa da wannan suke tasowa.

Mece ce kwandalar zinari?

Tsabar zinari ce da gwamnati ko babban banki ke bugawa da sanannen nauyi da sanannen tsafta, don mutane su saya su ajiye. Darajarta tana bin farashin zinarin da ke cikinta, ana ƙara ɗan kuɗin bugu da na dillanci a sama. Wadda ta buɗe wannan kasuwa a zamaninmu ita ce Krugerrand ta Afirka ta Kudu a 1967. Kanada ta fito da tata mai hoton ganye a 1979, Amurka ta fito da mai hoton gaggafa a 1986. Ingila kuwa tana da tsohuwar fam ɗinta ta zinari, wadda ake bugawa a wannan awo tun 1817, ita ce irin ƙaramar nan da iyayenmu mata suke kira sisin gwal. Tamu ta Gana ta zo da girma uku: oza ɗaya, rabin oza, da rubu'in oza. Ana sayen ta da sidi ta hanyar bankunan kasuwanci, farashinta kuma yana bin na kasuwar Landan da canjin dala na ranar.

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla, nauyinsa miskali ɗaya, wato giram 4.25 a awon yau. Da wannan dinari malamai suka ƙiyasta nisabin zakka da muke amfani da shi har gobe.

Akwai wani kashi na masu tara kwandaloli don tsufansu ko ƙarancinsu, suna biyan kuɗin da ya ninka darajar zinarin ciki. Wannan fanni ne na masana, kuma mai saye a irin wannan farashi ba a ko'ina ake samunsa ba. In ka kai irin wannan kwandala wurin maƙerin zinari a kasuwa, sikeli zai ɗora ta, ba ruwansa da shekarar da aka buga ta. Mai neman kare ɗan abin da ya tara, ya tsaya a kan wadda ake sayarwa da nauyi.

Nauyi da karat

Ɗalibai ku buɗe kunne a nan, domin lissafin zakka a kan wannan yake hawa. Ozar da ake auna zinari da ita giram 31.1 ce. Ta fi ozar kayan masarufi, wadda take giram 28.35. Karat kuwa awon tsafta ne. Karat 24 shi ne tsantsa. Karat 22 yana nufin kashi 22 cikin 24 zinari ne, sauran biyun jan ƙarfe ne ko azurfa da aka zuba don ya yi ƙwari, shi ake yi wa hatimin 916. Karat 21 hatiminsa 875, karat 18 kuma 750.

Ga misali. Krugerrand karat 22 ce, in ka ɗora ta a sikeli za ta ba ka giram 33.93, amma tsantsar zinarin cikinta giram 31.1 ne. Kwandalar Gana tsantsa ce, kashi 99.99 cikin ɗari, don haka nauyinta shi ne nauyin zinarinta. Fam ɗin Ingila nauyinta giram 7.99, zinarin cikinta giram 7.32. Sannan a lura, ba duk sisin gwal da alhazai ke tsarabarsa ba ne bugun gwamnati. Da yawa maƙeran ƙasashen Larabawa ne suke kwaikwayon siffarsa da karat 21. Zinari ne na gaske, amma mai giram 8 a irinsa giram 7 ne tsantsarsa. Ka tambayi karat kafin ka tambayi farashi.

Wani abin lura kuma, ƙaramar kwandala ta fi tsada in aka raba a kan giram, saboda wahalar bugun ƙarama da babba kusan ɗaya ce. Sai dai ƙaramar ta fi sauƙin sayarwa ranar buƙata, tunda ba a gutsurar kwandala a biya kuɗin asibiti.

Hannu da hannu

Imamu Muslim ya ruwaito daga Ubadatu ɗan Samit (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci abubuwa shida: zinari, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Abin da hadisin ya karantar shi ne, in za a musanya ɗayansu da jinsinsa, dole awo ya zo daidai kuma a karɓa nan take. In jinsi ya bambanta, kamar zinari da azurfa, an yarda a yi ciniki yadda aka daidaita, amma sharaɗin karɓa nan take yana nan daram. Wanda ya saɓa wa sharaɗin farko ya faɗa ribal fadli, wato ribar fifiko. Wanda ya saɓa wa na biyu ya faɗa riban nasi'a, wato ribar jinkiri. A nan muna nufin riba ta haram, ba ribar ciniki ba. Hausa ta haɗa su a rubutu ɗaya, amma a Larabci kalmomi biyu ne daban.

To ina matsayin sidi da sefa da naira? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yanke cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinari da azurfa wajen riba da zakka. Ke nan sayen kwandala da sidi canji ne, abin da malaman fiƙihu suke kira sarfu. Farashi ku daidaita yadda kuka so, amma kada ku rabu sai kowa ya riƙe nasa.

Ku duba abin da ya faru a gaban Sayyidina Umar (RA), kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari. Maliku ɗan Ausu ya nemi canjin dinari ɗari. Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi (RA) ya yi ciniki da shi, ya karɓi zinarin yana jujjuyawa a hannu, sai ya nemi a dakata har ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Umar yana ji, ya rantse cewa Maliku ba zai bar wurin ba sai ya karɓi nasa. Ɗalhatu fa yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, babu mai zargin zai ci amana. Duk da haka ba a ɗage masa sharaɗin ba. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta fi kowa tsanantawa a wannan babi, jinkiri ko kaɗan ne ba ta so.

Saboda haka amsarmu ga baiwar Allahn nan ita ce, karɓar zinari a biya kaɗan-kaɗan bai halatta ba. Haka ba da rabin kuɗi yau a cika gobe. Haka biyan kuɗi duka a ce a dawo bayan mako a karɓa, in dai an riga an ƙulla cinikin. Mafita mai sauƙi ce: a tara kuɗin tukuna, ko ta adashi, wanda muke kira susu a nan, in ya kai kuɗin rubu'in oza a je a saya gaba ɗaya. Biya ta waya ko ta banki ya yi, matuƙar kuɗin sun shiga wurin mai sayarwa kuna zaune. Wanda zai saya a banki ya tambaya tun kafin a cire kuɗi daga asusunsa: yau za a damƙa mini, ko kuwa yau za a ware tawa da sunana a ba ni shaidar mallaka? Malaman zamani sun karɓi wannan na biyun a matsayin karɓa ta hukunci, da sharaɗin zinarin yana nan da gaske, an ware shi, kuma kana da ikon ɗauka duk ranar da ka so. A kan wannan hukumar AAOIFI da ke Baharain ta fitar da ƙa'idarta ta cinikin zinari a 2016. Amma lambobin da ke hawa da sauka a fuskar waya, ba tare da zinarin da aka ware maka ba, wannan ya fi kusa da caca.

Musayar zinari da zinari

Nan ne iyayenmu mata suka fi faɗawa ba da saninsu ba. Mace ta kai tsohuwar sarƙa mai giram 40, a ba ta kwandala mai giram 31, a ce ragowar ta tafi a ladan aiki ko bambancin tsafta. Wannan shi ne ribal fadli. Fadalatu ɗan Ubaidu (RA) ya sayi abin wuya ranar Khaibara a kan dinari 12, akwai zinari da duwatsun ado a jikinsa. Da ya rarrabe sai ya tarar zinarin ya fi dinari 12. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe.

Hanyar da aka koya mana ita ce wadda Annabi (SAW) ya nuna wa wanda ya musanya dabino mara kyau mai yawa da mai kyau kaɗan: a sayar da na farko a karɓi kuɗi, sannan a sayi na biyu da kuɗin. Ki sayar da sarƙarki, ki ƙirga kuɗinki a hannu, ciniki ya ƙare. Sannan ki buɗe sabon ciniki na kwandala, kina da 'yancin saye a nan ko a wani shago, ba tare da an gindaya miki sharaɗi ba.

Zakka

Nisabin zinari dinari 20 ne, wato giram 85. In ya kai haka, shekarar Musulunci ta kewayo a kansa, sai a fitar da rubu'ul ushuri, ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Malikiyya sun ɗauke zakka daga kayan adon da mace take sawa na halal, amma kwandalar ajiya ba ta shiga wannan rangwame ba. Ko sisin gwal na sadaki ne, in an ajiye shi a matsayin dukiya, zakka tana kansa.

Mu yi lissafi tare. Oza biyu giram 62.2 ne, ba su kai ba. Oza biyu da rabi giram 77.75, da saura. In ka ƙara rubu'i ɗaya suka zama biyu da kashi uku cikin huɗu, sun kai giram 85.5, nisabi ya cika. Mai oza uku yana da giram 93.3, zakkarsa giram 2.33, sai ya tambayi farashin giram a ranar da shekararsa ta cika ya fitar da ƙimar da sidi. Fam ɗin Ingila kuwa, in da tsantsa aka lissafa, sai guda 12 suke cika nisabi. Amma akwai malaman da suke lissafa nauyin duka in zinari ne ya rinjaya, a wurinsu guda 11 sun isa, domin nauyinsu ya haura giram 87. Wanda ya fitar tun a 11 ya fita daga saɓani.

Kada kuma mai oza biyu ya ce ya tsira. Zinari ana haɗa shi da azurfa da kuɗin hannu da na banki da ƙimar hajar kasuwanci. In jimlar ta kai nisabi, zakka ta wajaba.

Wasu suna jin tsoron aya ta 34 da ta 35 a Suratut Tauba, inda Allah Ya yi narkon azaba ga masu taskace zinari da azurfa. Tsoron yana kan hanya. Amma Abdullahi ɗan Umar (RA) ya bayyana cewa taskar da aka zarga ita ce dukiyar da ba a fitar mata da zakka. Wanda yake fitarwa, ajiyarsa halal ce.

Zinari ba ya haihuwa

Tunkiya tana haihuwa, shago yana kawo ciniki, gida yana kawo haya. Kwandala kuwa in ka ajiye ɗaya, bayan shekara ashirin ɗaya za ka tarar. Ƙari ma, zakka tana bin ta duk shekara. Wanda ya ajiye giram 100 yana cire zakka daga jikinsa, bayan fitarwa ta bakwai zai tarar da ƙasa da giram 84, ya sauko daga nisabi. Wannan ne ya sa Sayyidina Umar ya umarci masu riƙon dukiyar marayu su juya ta a kasuwa don kada zakka ta cinye ta. Hikimar a fili take: Musulunci yana son dukiya ta yi yawo ta amfani jama'a.

Farashinsa ma yana sauka, kada wani ya ce muku ba ya sauka. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, amma a 1999 ta dawo kusan dala 250. Wanda ya saya a ƙololuwa ya jira fiye da shekara 25 kafin ya sake ganin kuɗinsa. A 2011 ta kai wajen dala 1,900, a ƙarshen 2015 ta faɗo kusan 1,050. Gaskiya ne a 2025 ta haura 3,000, daga baya ta haura 4,000, shi ya sa kowa yake zancenta. To amma a cikin wannan shekarar ce sidi ya yi ƙarfi, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa ƙasa da 11 cikin 'yan makonni. Wanda ya sayi kwandala kafin nan ya ga ƙimarta da sidi ta ragu sosai, alhali a kasuwar duniya zinarin bai faɗi ba. Ko a tarihi, lokacin da Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 kan hanyar Hajji, yawan zinarin da ya rabar sai da ya karya farashinsa a Masar.

Sannan akwai tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa. In ka saya da safe ka mayar da yamma, da asara za ka dawo gida. Don haka kuɗin makarantar yara na wata uku masu zuwa, ko jarin shagon da iyali ke ci daga gare shi, ba su ne na sayen zinari ba. A sa rarar da ba za a neme ta ba sai bayan shekaru, kuma kada a ci bashi don a saya. Wanda Hajji ya wajaba a kansa ko ake bin sa bashi, ya fara da waɗannan.

Jabu, damfara da ajiya

Maganaɗisu ba ya kama zinari, in ya kama to ka tashi. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, domin tagulla ma ba ya kama ta. Kowace kwandala tana da sanannen nauyi da faɗi da kauri, a auna duka ukun. Mayaudara suna amfani da wani ƙarfe da ake kira tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusa da na zinari ƙwarai, su lulluɓe shi da ruwan gwal. Maganin wannan shi ne a saya a banki ko wurin dillali mai lasisi, a karɓi rasit, a adana shi tare da takardar shaidar kwandalar. Duk wanda ya kawo maka zinari a ƙasa da farashin kasuwa, yana cewa sauri yake yi, ka tuna araha ba ta ado.

Haka duk wanda ya ce ka kawo zinari ko kuɗi ya riƙa ba ka ƙayyadajjen kaso kowane wata. Mun ga yadda ta kaya a 2018, lokacin da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar nan ta dakatar da wani kamfanin zinari mai irin wannan alkawari, dukiyar dubban mutane ta maƙale. Ka tambayi kanka, abin da ba ya haihuwa, daga ina ake samo wannan kaso? Ko da an biya ka, ƙayyadajjen ƙari a kan abin da aka lamunce maka dawowarsa kuɗin ruwa ne.

Wajen ajiya, hayar akwatin banki ta halatta, ijara ce kamar hayar ɗaki. Wanda ya ajiye a gida ya kama bakinsa a majalisa. Amma kada ɓoyon ya kai ga babu wanda ya sani. Sau nawa aka yi rasuwa, magada suna fama da yunwa, dukiyar ubansu tana binne a inda ba su sani ba? A rubuta adadi da wurin ajiya, a sanar da amintattu biyu. In a ciki akwai amanar wani ko sadakin matarka, a rubuta sunan mai shi, don kada ya shiga rabon gado.

Tambayoyi biyu daga ɗalibai

Na farko, namiji zai iya mallakar kwandalar zinari? E, zai iya. Abin da aka haramta wa namiji shi ne sa zinari a jiki. In ya huda ta ya rataya a wuya ko ya yi zobe da ita, nan ne ya shiga haram.

Na biyu, hotunan da ke jikin wasu fa, kamar kan mutum da barewa a Krugerrand? Sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa mai hoton sarakunansu tun zamanin Annabi (SAW) har zuwa gyaran Abdulmalik, don haka malamai ba su hana riƙe irin wannan a matsayin kuɗi ba. Wanda ya samu mara hoton mai rai ya zaɓe ta, ya fi natsuwa.

Wanda yake da zinari a ajiye, bai taɓa lissafa zakkarsa ba, shekarun da suka wuce suna nan a wuyansa, ba su faɗi ba. Ya zo da takardar nauyi da karat bayan karatun safe na ranar Lahadi, mu zauna mu lissafa tare, babu wanda zai ji sirrinsa. Mata kuma su aiko ta hannun malamansu na ajin mata.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya tsare mu daga riba da cin haƙƙin miskinai. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Allah ne Mafi sani.